Ɓatan Jirgin Lady Be Good da Shaidar da Hamada Ta Ajiye

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa su ke kira Yaƙin Hitila, jiragen sama masu jefa bom da suka tashi ba su komo ba suna da yawan gaske. Galibinsu, abin da ya saura na labarinsu shi ne layi guda a littafin soja: ranar tashi, da sunayen mutane, da cewa sun ɓace. Amma akwai wani jirgin Amurka wanda ya kamata masu nazarin tarihi su tsaya a kan labarinsa, domin abin da aka zata game da shi ya shekara 15 ana ɗaukarsa gaskiya, sa'an nan hamada ta fito da shaidar da ta rushe zaton.

Jirgin nan irin wanda a ke kira B-24 ne, mai inji huɗu, an sa masa suna Lady Be Good. Mazauninsa filin jirgi na Suluk, kudu da Bangazi a ƙasar Libiya. Mutum tara ne a cikinsa, shugabansu kuwa shi ne matuƙin, Laftana William Hatton. Ran 4 ga Afrilu, 1943, bayan azahar, aka tashi jirage 25 don su kai hari tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Wannan ita ce fitarsu ta farko zuwa fagen fama. Guguwar rairayi ta dame su tun wajen tashi, har waɗansu jiragen suka koma. Su kuwa suka ci gaba, amma ba su sami jefa bom a inda aka nufa ba, sai suka zubar da shi cikin Bahar Rum, suka juyo gida su kaɗai cikin dare.

Da tsakar dare ta gota kaɗan, Hatton ya yi magana ta wayar iska, ya ce na'urarsu ta gane hanya ta lalace, a faɗa musu inda su ke. A nan ne asalin ɓatan ya ke. Na'urar da tashar ƙasa ta auna muryarsa da ita tana iya nuna layin da jirgi ya ke kai, amma ba ta bambanta ko yana gabanta ko yana bayanta. Saboda haka amsar da aka ba su ta yi daidai da ta jirgin da ke bisa teku yana nufo gida, alhali kuwa alamu sun nuna sun riga sun wuce. Suka yi ta kutsawa kudu cikin hamada wajen awa biyu, har mai ya ƙare, suka diro da laima sanye da rigunan hana nutsewa, watau suna tsammanin ruwa ne a ƙarƙashinsu. Jirgin ya ƙara tafiya wajen mil 16 ba kowa ciki, ya sauka bisa cikinsa, mil 440 daga Suluk. Da gari ya waye aka aika masu nema, amma teku suka dosa. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Haka iyayensu da matansu suka zauna da zaton ruwa ya cinye su, har Nuwamba 1958, sa'ad da waɗansu Turawan Ingila masu neman man fetur suka hango jirgin daga sama. Cikin 1959 aka isa gare shi ta ƙasa. Aka tarar ya karye biyu, amma bushewar hamada ta tsare shi ƙwarai: wayar iskarsa tana aiki, akwai kuma ruwa da abinci a ciki, sai dai babu mutum, babu laima. Arewa da wurin aka yi ta tsintar alamun da suka bari, takalma da ƙyallen laima da aka danne da duwatsu, suna nuna inda suka bi.

Cikin Fabrairu 1960 aka sami gawawwakin mutum biyar wuri guda, Hatton da Toner da Hays da LaMotte da Adams. Tare da su akwai ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Laftana Robert Toner, ya ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Daga nan ne aka san cewa takwas sun haɗu bayan dirowa, suka nufi arewa maso yamma da rabin gorar ruwa, kowa cikin murfinta guda a yini, ga zafin rana, ga sanyin dare. Sun yi tafiyar kusan mil 80 kafin biyar su kasa. Uku masu sauran ƙarfi, Shelley da Ripslinger da Moore, suka wuce neman taimako. Rubutun Toner ya tsaya ran Litinin, 12 ga Afrilu. Cikin Mayu 1960 aka sami Shelley da Ripslinger fiye da mil 20 gaba, cikin tuddan rairayi na Kalanshiyo. Cikin Agusta kuma aka sami Woravka kusa da inda suka diro, laimarsa ba ta buɗe sosai ba. Saje Vernon Moore kaɗai ne ba a kai gawarsa gida ba.

Abin tausayi shi ne, kuskuren da ya ɓad da su a sama shi ne ya bi su har ƙasa. Sun ɗauka gaɓar teku tana kusa, shi ya sa suka yi arewa. Da kudu suka yi, da sun iske jirginsu da ruwa da wayar iska, can gaba kuma ga rijiyoyin Zighen, a kan tsohuwar hanyar ayari da ke zuwa Kufra.

Game da tunawa da su kuwa, sojan Amurka na sansanin Wheelus, kusa da Tarabulus, sun sa taga mai gilashi launi-launi a majami'arsu don girmama mutanen tara. Da aka rufe sansanin a 1970, aka kai tagar gidan kayan tarihi na sojan sama a Dayton, jihar Ohio. An kafa farfela guda ta jirgin a Lake Linden, garin su LaMotte. Gangar jirgin kuma, da masu ɗibar abin tunawa suka yi ta yagarta, hukumar Libiya ta kwashe ta zuwa Tubruk a 1994.

Darasin da malami zai ɗauka ya kai wa almajiransa a fili ya ke. Takardar hukuma ba ta yi ƙarya da gangan ba, abin da masu rubuta ta suka iya sani a ranar shi suka rubuta. Amma da ba a sami jirgin da ɗan littafin Toner ba, da har yau ana cewa mutanen nan sun nutse cikin dare guda, ba wanda zai san sun yi kwana takwas suna fama da ƙishirwa, suna raba ruwa da murfin gora. Mai neman tarihi ya karɓi takarda da ladabi, amma kada ya daina tambayar ko ƙasa tana riƙe da wata shaida.