Jalingo Jiya da Yau: Yadda Sansanin Yaƙi Ya Zama Babban Birnin Jiha

Duk wanda ya tsaya a Mile Six ko Magami ya dubi yadda rufin kwano ya shimfiɗu har gindin duwatsu, ba zai yi zaton wannan gari ya faro ne daga bukkokin mayaƙa ba. Amma haka abin yake, kuma ya kamata mu san asalin wurin da muke zaune, domin in ba ka san mafarin abu ba da wuya ka gane inda ya dosa.

Masarautar Muri ta kafu ne a 1817 a hannun Hammaruwa, ƙanen Buba Yero na Gombe, a garin Muri can ƙetaren kogin Binuwai. A zamanin Sarki Muhammadu Nya, wanda ya hau gado a 1874, aka yi doguwar fafatawa da Jukunawan Kona. A 1892 wani sojan Faransa mai suna Mizon ya taimaka wa Sarki da bindigogi aka ci Kona, sa'an nan a 1893 sansanin da aka kafa kusa da ita ya zama mazaunin Sarki. Sunan Jalingo kansa daga Fulatanci yake, yana ɗauke da ma'anar rinjaye. Sai dai kada mu manta, mutanen Kona da Mumuye suna wannan yanki tun kafin a kafa turken farko na garin.

To, inda sarki ya zauna nan kasuwa take ci. Fatake da malamai da mahauta da maƙera da majema daga ƙasar Hausa da Barno suka riƙa zuwa, wasu da niyyar cin rani, sai zama ya miƙe. Har yau sunayen mazaɓun gari irin su Turaki, Barade, Majidadi, Sintali da Sarkin Dawaki suna tuna mana cewa unguwannin farko sun taru ne a kewayen fada, kowace a ƙarƙashin wani mai sarauta. Baƙo a wancan zamani ba ya sayen fili. Mai masaukinsa zai kai shi gaban jauro ko mai unguwa, a nuna masa wuri, ya kafa zaure da ɗakunan jinka, ya kewaye da zana. In ɗa ya yi aure sai a ƙara ɗaki a cikin gida, shi ya sa gida ɗaya kan ɗauki kaka da 'ya'ya da jikoki.

Zuwan Turawa bai sa garin ya yi wani tsalle ba. A 1926 aka rushe Lardin Muri, aka haɗa mafi yawansa da Yola aka yi Lardin Adamawa, Jalingo ta tsaya a matsayin hedkwatar En'e. A doguwar sarautar Muhammadu Mafindi, daga 1903 zuwa 1953, da bayanta, gari ya riƙa girma a hankali, ginin ƙasa yana maye gurbin zana, kwano yana maye gurbin jinka a gidajen masu hali. Ko da aka yi Jihar Gongola a 1976, manyan ofisoshi suna Yola, mu kuwa muna hedkwatar ƙaramar hukuma.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, ita ce ta sauya kome. Gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba, aka ce Jalingo ce babban birni. Ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Yola suka sauka a garin da ba shi da isassun ɗakuna. Kuɗin haya ya tashi, masu gidaje suka shiga yanka tsakar gida suna jera ɗakunan bulo, gonakin bakin gari suka koma fuloti. Ƙidayar 1991 ta ba jihar mutum 1,512,163, ta 2006 kuma ta ba ta 2,294,800. A 2006 ɗin Ƙaramar Hukumar Jalingo ita kaɗai tana da kimanin mutum 140,000, alhali tun 1996 an cire mata Ardo Kola mai hedkwata a Sunkani. Kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008 ya ja gine-gine zuwa wajen Kofai, inda ɗakunan ɗalibai suka zama sana'a. Bugu da ƙari, rikicin Wukari na 2013 da 2014, da faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram a 2014, sun koro dubban mutane, da yawansu kuma ba su koma ba.

Wannan cunkoso yana da farashi. Da fili ya yi tsada, talaka ya gangara bakin kogin Lamurde da Mayo Gwoi ya yi gini inda magabata suka bar wa ruwa. A watan Agusta na 2005 ambaliya ta rushe gidaje, gadar Nukkai ta karye da mutane a kanta, aka yi asarar rayuka masu yawa, Allah Ya jiƙansu. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa.

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye. Gidajenmu na gado da yawa shaidarsu ita ce bakin dattawa, su kuwa dattawan suna ƙarewa. Tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, takardar mallaka ita hukuma da banki suka sani. Gidan da kaka ya samu da goro da godiya yau kuɗinsa miliyoyi ne, kuma mun ga yadda 'yan uwa ciki ɗaya suke kai juna kotu a kansa, a ƙarshe a sayar a raba, zuri'a ta watse cikin gidajen haya.

Saboda haka shawararmu ga kowane magidanci ita ce, ya zauna da dattawan gidansu tun suna raye, a rubuta yadda aka sami gidan da iyakokinsa, maƙwabta su sa hannu, a nemi takarda. Mai neman fuloti kuma ya je ya duba wurin da damina kafin ya biya. Allah Ya zaunar da garinmu lafiya.