Gidan Ruhubanawa na Dutsen Sinina: Tarihinsa da Gyaransa

A gindin Dutsen Sinina da ke ƙasar Masar, inda aka yi imani Annabi Musa ya gana da Ubangijinsa, akwai wani gidan ibada na ruhubanawan Kirista mai suna Santa Katarina. Sarkin Rum Justiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565, kuma har yau ibada ba ta yanke a cikinsa ba. A nan za mu duba abin da ya raya shi, da abin da gyara ke iya jawo masa.

Idan muka bi tarihi, abubuwa biyu ne suka tsare gidan: nisansa daga birane da kyakkyawar maƙwabtaka. A cikin ganuwarsa akwai masallaci na zamanin Faɗimawa, wanda mumbarinsa ke ɗauke da shekarar 1106. Ruhubanawan na riƙe da kwafin wata takardar amana da suke dangantawa ga Manzon Allah (SAW). Haka nan Larabawan ƙabilar Jabaliyya sun daɗe suna yi wa gidan hidima.

Zuwan baƙi kuwa ya taɓa jawo masa asara. A 1844 da 1859 wani Bajamushe, Tischendorf, ya fita da yawancin takardun wani daɗaɗɗen kwafin Baibul, wanda Ingila ta saya daga Tarayyar Sobiyet a 1933 kan fam 100,000.

UNESCO ta sanya yankin cikin kayan tarihin duniya a 2002. A 2017 aka sake buɗe ɗakin karatun gidan bayan gyara, mai ɗauke da rubutattun littattafai kimanin 3,300. Wannan gyara abin yabo ne. Sai dai daga baya gwamnatin Masar ta shiga gina otal-otal da hanyoyi a kwarin domin masu yawon buɗe ido, sannan a Mayun 2025 wata kotu ta yanke cewa filin na gwamnati ne, ruhubanawa na da haƙƙin amfani da shi kawai.

A ganinmu, abin da baƙo ke zuwa nema a Sinina shi ne gidan da ake ibada a cikinsa cikin natsuwa. Idan hayaniyar kasuwa ta kori natsuwar, ta kuma raba Jabaliyya da wurarensu, to an yi gyaran gangar auzinawa. Ya kamata masu gyaran su saurari mazauna gidan da maƙwabtansu kafin su ƙara aza tubali.