Inshorar Gida da Sito: Ire-irenta da Abin da Kowace Take Biya

Manomi kan shafe damina yana wahala, gobarar dare ɗaya da hunturu ta cinye gida da hatsin da ya tara. Inshorar gida yarjejeniya ce: kana biyan wani kuɗi duk shekara, kamfani kuma ya biya ka diyya idan irin asarar da aka rubuta a takarda ta auku. A Najeriya hukumar NAICOM ce ke ba kamfanonin lasisi, don haka ka tabbatar wanda za ka hulɗa da shi yana da rajista.

Inshorar gobara: Tana biyan ɓarnar wuta da ta tsawa. Ambaliya, guguwa da tarzoma ba sa ciki sai an ƙara su, kuɗin ma ya ƙaru.

Inshorar gini: Ta mai gida ce. Ta shafi bango, rufi da ƙofofi, ban da filin.

Inshorar kayan ɗaki: Ta shafi gado, katifa, firij da sutura. Ɗan haya ma zai iya yin ta.

Inshorar sata: Galibi sai ɓarawo ya fasa ƙofa, taga ko bango. In an bar ƙofa a buɗe, da wuya a biya.

Takaful: Tsari ne bisa shari'ar Musulunci. Mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya, daga nan ake tallafa wa wanda asara ta samu.

Abin da ba a biya: Ɓarnar gara, ƙwari da ɓera, tsufan gini, yaƙi, da wutar da mutum ya sa da gangan. Amfanin da ke gona da dabbobi kuwa inshorar noma suke buƙata, irin ta hukumar NAIC. Hatsin sayarwa da ke siton ƙungiya kayan kasuwanci ne, sai an yi masa tasa daban.

A kula da ƙima: Idan sake gina gidanka zai ci naira miliyan 10 amma ka rubuta miliyan 5, wuta ta yi ɓarnar miliyan 2, to miliyan 1 za a ba ka. Ka faɗi gaskiya kan irin ginin, na laka ne ko na bulo, rufin ciyawa ko kwano. Ka adana rasit da hotuna, in asara ta faru kuma ka sanar da kamfani nan take.