Shafen takarda

Shafen takarda mataki ne a masana'antar takarda inda ake shafa wani kwaɓi mai ruwa a fuskar takarda ko kwali domin ta yi fari da santsi, ta kuma karɓi tawada da kyau. Kwaɓin ya ƙunshi farar laka ta kawolin ko garin alli, da abin liƙewa kamar sitaci ko ruwan roba. Fuskar takarda ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Zaruruwan itacen da aka yi ta da su sukan bar tudu da kwari da ido ba ya gani, kuma kaurin shafen a kan waɗannan wurare ya danganta da hanyar da aka bi.

Shafen wuƙa

Ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa. Ana zuba kwaɓin fiye da kima, sannan wata siririyar wuƙar ƙarfe ta kankare rarar, kamar yadda magini ke daidaita filasta. Kwaruruka sukan cika, tudun kuma ya sami ɗan kaɗan. Fuskar takan fito sumul, amma kaurin shafen ba ɗaya ba ne. Saboda haka wani wuri yakan sha tawada fiye da wani, bugun ya fito da dabbare-dabbare. A kan kwali mai launin ƙasa, duhun kwalin yakan leƙo ta inda shafen ya yi siriri. Amfaninta shi ne sauri, domin injinan zamani sukan wuce mita 1,000 a minti ɗaya.

Wuƙar iska da labule

A shafen wuƙar iska, iska mai ƙarfi ce ke busa rarar. Shafen yakan bi tudu da kwari da kauri kusan ɗaya, sai dai kaushin takardar ba ya ɓacewa, kuma dole kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, abin da ke ƙara kuɗin busarwa.

A shafen labule, wanda masu yin fim ɗin hoto suka daɗe suna amfani da shi, kwaɓin da aka riga aka auna yakan zubo kamar labule a kan takarda mai tafiya, babu ƙarfen da ke taɓa ta. Ya dace da takardar rasit mai bugawa da zafi, wadda ke buƙatar kauri ɗaya ko'ina.

Masu yin kwalin magani da na kayan kwalliya sukan yi shafe biyu ko uku, suna haɗa hanyoyin domin samun rufi da santsi tare.