Rushewar Gandu da Kaɗaicin Tsofaffi a Karkarar Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan maƙala za ta yi waiwaye a kan matsayin tsofaffi a ƙauyukan ƙasar Hausa, domin ta nuna cewa kaɗaicin da ke damunsu a yau ya samo asali ne daga rasa ayyukan da al'umma ta saba ɗora musu.

Tsoho a Cikin Gandu

A zamanin da, gandu shi ne ginshiƙin zaman karkara. Uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Ko ƙarfin maigida ya ƙare, shi ke raba hatsi, ya biya haraji, ya aurar da yara, ya sasanta rigima a zaure. Tsohuwa kuwa ita ce ungozoma, a ɗakinta ake yaye, a gabanta jikoki ke taruwa da dare don tatsuniya. Wasan kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta miji, jikarta kuma kishiya, ya hana ɗakinta yin shiru.

Baba ta Karo hujja ce. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma riƙon 'ya'yan dangi da ƙawance da zuwa biki sun sa ta tsufa a tsakiyar jama'a.

Yadda Zama Ya Sauya

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya sun ba matashi hanyar samun kuɗinsa na kansa. A Batagarawa ta ƙasar Katsina, Polly Hill ta nuna a littafinta na 1972 cewa gandu kan watse da zarar uba ya rasu. Sai farin 1972 zuwa 1974 da arzikin man fetur suka kwashi majiya ƙarfi zuwa birane. Cin rani da ake komowa da faɗuwar damina ya fara zama ƙaura. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara wa jikoki wata makaranta, daga baya rediyo da bidiyo da waya suka cinye lokacin hira.

Dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta sami sa hannu a 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021. Mataki ne mai kyau, sai dai tallafin gwamnati ba ya zama da mutum a zaure.

Kammalawa

Gandu ba zai dawo yadda yake ba, amma ana iya mayar wa tsofaffi da aiki. Makarantun ƙauye su gayyace su ba da tatsuniya da tarihin gari, a sa su cikin kwamitocin sulhu da ƙungiyoyin manoma. Mu kuma da karatu da aiki suka kawo nesa da gida, aika kuɗi bai sauke mana nauyi ba. Ɗalibin da ya je hutu ya zauna da kakarsa, ya ɗauki maganarta a wayarsa, ya kuma nemi shawararta a kan al'amarinsa. Tsohon da ake tambaya ya san har yanzu ana bukatarsa.