Yamai zuwa Jidda: awa shida, ko shekaru

Wani ɗalibina ya tambaye ni nisan Yamai da Jidda. Na ce kusan kilomita 4,000, jirgin alhazai na cinye shi cikin awa biyar zuwa shida. Ya ce ashe kusa ne.

Kakana da ƙanensa a ƙasa suka tashi daga Damagaram, da jaki ɗaya. Suka bi ta Fort-Lamy, Injamena ta yau, suka ratsa Darfur. Guzuri ya ƙare a Sudan. Suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda Turawan Ingila suka buɗe a 1925, har shekara uku, kafin kakana ya tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Ƙanen bai dawo ba. Jikokinsa na can suna jin Hausa, mu nan ko sunayensu ba mu riƙe ba.