Yadda Latin Ya Yi Kaka-gida a Ingilishi

Sa'ad da nake aji uku a sakandare, na ɗora wa kaina haddar kalmomi goma daga ƙamus kullum. Kafin Jumma'a ta zagayo, na Litinin sun zube. Ran nan wani tsohon malami ya rubuta "manus" a allo, ya ce hannu ke nan da harshen Latin, "scribere" kuwa rubutawa. Da ya gama su sai ga "manuscript", wato rubutun hannu. Ashe abin da muka sani ne tun a karatun sarfu, inda tushe guda ke haifar da kitab da katib da maktab.

To, jama'a, ƙaƙa aka yi harshen Rumawa ya cika bakin mutanen Ingila haka? Ba rana ɗaya ya shiga ba. A shekarar 597 Augustine ya sauka Kent da wa'azin Kiristanci, limamai suka zo da kalmomin ibada da na karatu, irin su "altar" da "school".

Amma babbar ambaliya sai a 1066, da William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci, wanda shi ma ɗan Latin ne, ya zama harshen fada da shari'a, Ingilishi ya koma bakin talakawa. Makiyayi na kiran saniyarsa "cow", amma in namanta ya isa akushin ubangidansa sai ya zama "beef". Sai a 1362 aka yi doka a riƙa shari'a da Ingilishi. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta! Kafin nan kuwa su "judge" da "court" sun riga sun shimfiɗa tabarma.

Bayan Caxton ya kafa injin ɗab'i a 1476, masana ƙarni na 16 suka shiga ɗebowa kai tsaye daga littattafan Latin, har wasu suka yi ta gunaguni, suna kiransu kalmomin gidan tawada. Da yawa sun mutu. Waɗanda suka rayu su ne ke sa mu gumi a ɗakin jarrabawa.

Wasu ma sun iso har ƙofar gidanmu. Kalmar asibiti daga "hospital" muka aro ta, ita kuma daga "hospes", wadda Rumawa ke kiran baƙo da mai masaukinsa duka da ita.